Mai Askin da Ya Sa 'Ya'yanmu Karatu

Assalamu alaikum. Malam liman, shugaban makarantarmu, dattawan unguwa, uwargidan marigayi da 'ya'yansa, sauran jama'a, sannunku da zuwa, sannunmu da haƙurin rashi.

Ni ba mai iya jawabi ba ce. Iyayen yara ne suka ce in tashi in yi magana da yawunmu duka a kan Baba Mai Aski.

Ya kasance mai shago ɗan ƙarami: kujera ɗaya, madubi, benci, sai kantar da ya kamata a jera man gashi. Shi kuwa littattafan yara ya cika ta da su, wasu bangonsu ya yage ya liƙe da gam. Yaro na hawa kujera zai miƙa masa ɗaya ya ce, "Hannuna na kanka, idona na kan almakashi. Taimaka ka karanta mini."

Ya kasance idan labari ya yi daɗi sai ya kashe inji ya tsaya saurare. Manya a benci su yi ta tsaki. Wata rana maƙwabcinmu direba ya ce, "Baba, sai ya sauke littafin za a zo kaina?" Ya ce, "Haba direba, bari mu ji ko yarinyar nan ta tsallake kogin. Gemunka ba gudu zai yi ba." Ƙarshe direban ne ya ce a juya shafi.

Autana yana da in'ina. An sa shi karatu a gaban aji, yara suka yi masa dariya, ya dawo ya jefar da jaka ya ce shi da makaranta har abada. Na yi lallashi, na yi faɗa, ban ci nasara ba. Ranar da na kai shi aski ya ƙi karɓar littafin. Baba bai matsa masa ba. Ya juya kujerar ta fuskanci bango, ya sunkuya ya ce, "Yanzu babu mai kallonka. Ni kuma ba na sauri." Yaron nan ya karɓi littafin, ya maƙale a kalmar farko har gumi ya keto masa. Ina daga bakin ƙofa ina ji kamar in faɗa masa ita. Baba ya ɗaga mini hannu. Muka jira, har ta fito.

Bayan wannan, gashi bai tsiro ba zai ce mini, "Umma, kaina ya cika." Ya koma makaranta. In'inar tana nan, amma yanzu shi ke karanta wa ƙannen maƙwabta labari a ƙofar gida.

Uwargida, kin yi rashin miji, mu mun yi rashin uba. Kai kuma babban ɗansa, mun ji ka ce shagon ba zai rufe ba, kantar ma ba za a taɓa ta ba. Ba za mu bar maka nauyin kai kaɗai ba. Kowane gida a layinmu ya yi alkawarin kawo littafi, 'yan matanmu kuma, da ba sa zuwa aski, za su riƙa zuwa aro.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya abin da ya bari. Ranar da za a raba wa kowa littafin ayyukansa, Allah Ya miƙa masa nasa a hannun dama. Amin.