Shekara Huɗu Ana Jiran Na'urar Insulin

"Wata takwas kacal? Ni shekarata huɗu ina jira."

Dattijon da ke gefena ne, a ɗakin jiran masu ciwon sukari na asibitin garinmu a Scotland. Yana hararar na'urar insulin, mai tura maganin sukari cikin jiki ba sai an yi allura ba, da ke ƙugun wata matashiya.

"Baba, ba layi na tsallake ba," in ji ta.

"Ni kullum sai a ce kuɗin bana ya ƙare, wai ai ina ƙoƙari da allura."

"Ni sumewa na yi a kicin, jaririyata na ta kuka. Maƙwabciya ce ta tsince ni, sannan aka ba ni."

Ya daɗe yana murza yatsunsa.

"Yi haƙuri, 'yata. Wato sai na faɗi kenan. Ni kaɗai nake zaune. Wa zai tsince ni?"