Gaisuwar da Kuka Tsallake

Mai girma Fasto, shugaban taro Mushe Zailani, dattawan ikilisiya, iyayenmu maza da suka ajiye aiki amma ba su ajiye Maganar Allah ba, 'yan'uwana mata, da maƙwabtanmu Musulmi na unguwar Yantala da suka ara mana kujeru, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Ni ce Hajara, matar Harouna. A rumfar gidana wannan ƙungiya take zama kowace Laraba tana nazarin wasiƙun manzanni, ni nake dafa shayin, ni nake share ɓawon gyaɗar. Saboda haka na gode da aka ba ni magana a bikin cikarta shekara, kuma zan yi ta ba ragi.

Da farko, ina murna. Lokacin da maigidana ya bar aikin duwan, wato kwastan, tukwanena ya koma bincike kamar kayan da suka tsallako iyaka. Yau kuwa da manzanni yake kwana, da su yake tashi, miyata ta samu lafiya. Mata da yawa a nan sun san abin da nake nufi.

Na biyu, ina da ƙara. Daga madafa ina jinku. Kuna karanta koyarwa, kuna gardama har shayi ya huce, amma da kun kai ƙarshen wasiƙa, inda manzo yake gaida wane da wance da mutanen gidansu, sai Mushe Zailani ya cire tabarau ya ce, "Wannan gaisuwar rufewa ce, ko a biro, wurin aikin gwamnati, ba ma karanta ta. Mu wuce." Iyayena, wannan ba takardar biro ba ce. Mutumin da yake ɗaure a kurkuku, ya zauna yana tuna 'yan'uwansa suna bayan suna, ku kuma da kuke sake kuka ce a wuce!

Na uku, wanda ya saba tsallake sunaye a takarda, zai tsallake su a gari. Ina ɗan ƙungiyarku Baba Iliya na unguwar Gamkalley, tsohon direban nan da ya fi kowa ƙarfin Amin? Tun damina ƙafa ta kwantar da shi. Kun yi masa addu'a, ban musa ba, amma wa ya taka? 'Yarsa ta tare ni a kasuwa ta gaya mini kowace Laraba sai ya sa an goge masa riga, an ɗauke shi zuwa ƙofar gida yana jiran ku. Makon jiya ya ce mata, "Bar gugar nan, ina jin sun cire ni."

Na ga wasunku suna leƙen bayan rumfa suna neman tukwane. Kada ku wahalar da wuya. Dambu da kopto, kwaɗon zogalen nan, da naman bikin suna Gamkalley tun safe, an kuma goge rigar. Motar faba-faba tana jira a bakin titi. Mai jin yunwa ya hau. Mushe Zailani, ka riƙe tabaranka, kai za ka karanta mana gaisuwar a gabansa, ba tsallake.

Allah ya ƙara muku tsawon rai da ƙarfin ƙafa, ya ta da Baba Iliya, ya zaunar da Nijar lafiya, ya kai mu Gamkalley kafin dambu ya huce. Amin.

Na gode.