Buntu a Ɗakin Auta

A tasha muna jiran mota ta cika, wani dattijo ya taɓa buhun matar da ke kusa da shi.

"Baiwar Allah, buntun shinkafa kika ɗauko? Mu ai ƙonawa muke yi."

"Naman kaza nake nomawa a kai, Baba. In dafa buntun, in gauraya da iri, in ɗura a leda, in rataye a ɗaki mai duhu, ina yayyafa ruwa."

"Sai ya fito?"

"Da farko wani fari-fari ne ke bin buntun, kamar gajimare. Rannan sai ka buɗe ƙofa ka tarar sun leƙo ta hujin leda, kamar kunnuwan jarirai. Buntun kuwa sun cinye shi, ya koma taki."

"Ikon Allah! Har ɗaki guda kika ba su?"

"Na autana ne. Tun da ya tafi neman aiki muka daina jin ɗuriyarsa. A da ko ƙofar ba na iya kallo. Yanzu kuwa ina tashi can nake fara zuwa, in gaishe su."

"Ki gaishe su?"

"A hankali dai. Ba sa son hayaniya. Shi ma haka yake."

Dattijon ya daɗe yana kallon buhun.

"To in ya dawo, a ina zai kwana?"

"A gadonsa mana. Duk ƙanƙantar ɗakin nan, Baba, ban taɓa ɗora leda ko ɗaya a kai ba."