Hannun Kaka a kan gwiwata

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Rahila, a nan Samaru aka haife ni. Ku yi haƙuri idan muryata ta yi rawa, yau maganar kakata zan yi.

Tun ina ƙaramar sakandare a Sabon Gari nake ba iyayena mamaki. Wannan zangon in zo cikin na gaba, zango na biye in koma can ƙasa. Turanci in cinye, lissafi in faɗi warwas. Ba na surutu, ba na tsokana. Ina zaune shiru, idona a kan allo, amma hankalina ya bi wata akuya da ta gifta ta taga. Malamai suka ce lalaci ne. Baba ya ce iskanci ne. Ni kuwa ina ƙoƙari, Allah ya sani.

Sai Kaka Tani, mahaifiyar Baba, ta zo daga ƙauye ta zauna da mu. Ba ta iya karatu ba, amma da yamma takan shimfiɗa tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta ce, "Zo ki karanta mini, in ji abin da ake koya muku." Ina cikin karantawa sai in yi shiru, hankalina ya tafi. Sai ta ɗora hannu a gwiwata ta ce, "Dawo, 'yar nan." Ni kuma in dawo. Zangon nan na yi abin kirki. Da ciwon ƙafa ya kwantar da ita, muka daina zaman tabarma, na sake faɗuwa.

Wata maƙwabciya ta kai mu, ni da Baba, wurin wani mai addu'a a Sabon Gari. Mutumin ya tambaye ni ko akwai mai taɓa ni idan ina karatu. Na ce Kaka. Ya buga tebur ya ce, "Shi ke nan! Da hannun nan take ɗebe ƙwaƙwalwar yarinyar, ta mayar idan ta ga dama."

'Yan'uwa, Baba ya yarda. Tsoro ne ya kama shi.

Ranar da aka kai ta tasha za a mayar da ita ƙauye, Kaka ba ta yi gardama ba. Ta dubi Baba ta ce, "Ni na goya ka, Bulus. Ni ce mayya?" Baba ya sunkuyar da kai. Ta miƙo hannu za ta shafa kaina, aka janye ni.

Bayan tafiyarta babu abin da ya gyaru, sai ma lalacewa. Kafin damina ta zagayo aka aiko mana cewa ta rasu. A ƙauye ma labarin ya riga ta isa, yara ba sa shiga ɗakinta. Ita kaɗai ta ƙarasa kwanakinta!

Wata Lahadi bayan an tashi sujada na ƙi fita. Na durƙusa a bencin baya ina kuka, na ce, "Ubangiji, Kaka ta tafi, ga ni yadda nake. Idan ba ita ba ce, ka nuna wa Baba. Na gaji."

Ashe Mama Lami ta zumuntar mata, wadda nas ce, tana tattara littattafan waƙa, ta ji ni. Ta zauna kusa da ni ta yi ta tambaya. Ita ce ta lallashi Baba muka je asibiti a Shika.

Likita ta ɗauki lokaci da mu, ta ce in sake dawowa. Daga baya ta ce abin da ke damuna sunansa ADHD, irin wanda ba ya sa yaro tsalle-tsalle, sai dai hankali ya yi ta zamewa. Ta ce ba lalaci ba ne, kuma ba hannun kowa. Sai ta tambaye ni ko an taɓa yin lokacin da karatu ya zauna mini. Na ba ta labarin tabarma da gyaɗa. Ta ce, "Wannan yana taimakawa sosai. Tana ina yanzu?"

Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba sai ranar.

Yanzu ina shan magani, ina karatu kaɗan-kaɗan da murya, na kuma gama sakandare. Har yau hankalina yakan tafi. Baba ne yake zama kusa da ni idan ya dawo aiki, ya taɓa gwiwata. Kalmomin Kaka ne dai bai iya faɗa ba.

Na gode wa Yesu da ya ji kukana, ya raba gidanmu da tsoro. Iyaye, ku dogara gare shi, ku yi addu'a, ku kai yaranku asibiti kafin ku nuna wa wani yatsa. Ga Baba can zaune, shi ya ce in faɗa a gaban ikilisiya, tun da a gaban mutane aka ɓata ta: Kaka Tani ba mayya ba ce. Ita ce take dawo da ni.

Yabo ga Ubangiji. Amin.