Bugu Uku a Waƙa ta Huɗu

A shagon tsofaffin faya-fayai a garin Duluth, wani mai gemu ya rungume kaset, wata dattijuwa tana leƙen bangonsa.

"Mawaƙan Damp Otters? Har yanzu ana sayen wannan hayaniyar?"

"Hayaniya? Baiwar Allah, kaset ɗinsu na farko ne fa! A ɗakin ƙarƙashin ƙasa suka ɗauka da 'yar rakoda. Tun da suka shiga situdiyo suka lalace."

"Na san ɗakin. Tsohon mijina Lyle ne mai gangarsu."

"Lyle? Wayyo! To don Allah, bugu ukun nan na tsakiyar waƙa ta huɗu, dum, dum, dum, kamar daga sama, da wace ganga ya yi su? Shekara ashirin muna gardama."

"Daga saman ne. Ni ce a kicin ɗinmu, daidai saman ɗakin. Da ƙyar na kwantar da jaririya, nake dukan ƙasa da sandar tsintsiya su yi mini shiru."

"Tsintsiya? A'a! Ai waƙar nan aka sa ranar aurena!"

"Auren yana nan?"

"Yana nan."

"To ka fi ni sa'a. Nawa a bugu na uku ya mutu."