Rigar Tsutsa

Inusah: Salamu alaikum. Wa ke magana?

Taslima: Wa alaikumus salam, Kawu Inusah! Taslima ce, daga Yendi. An tashi lafiya?

Inusah: A'a, 'yar boko! Lafiya lau. Ya karatu?

Taslima: Alhamdu lillahi. Ya Bawku? Ya su Anti Nadiya? Ya shanu?

Inusah: Duk ƙalau.

Taslima: Ya ƙafar nan taka? Ya zafi?

Inusah: Taslima, kin gaishe ni, kin gaida shanu, saura jaki. Me kike so?

Taslima: Tsutsa.

Inusah: Tsintsiya? Kai, layin nan!

Taslima: Tsutsa, Kawu! Ta cikin hantar shanu, mai faɗi kamar ganye. Gobe in an yanka shanunka a kwata, ka tsince min masu rai.

Inusah: A'uzu billahi! Miya za ki yi?

Taslima: Rigakafi muke gwada haɗawa. Akwai furotin a saman fatar tsutsar, shi muke ce wa rigarta. Mu cire shi, mu yi wa saniya allura da shi, jikinta ya haddace kamannin rigar. Ranar da tsutsar gaske ta shigo, sai ya gane ta ya far mata.

Inusah: Wato jami'ar da aka kai ki, tuɓe wa tsutsa riga kika koyo.

Taslima: Kawu, ba wasa ba ne. Waɗanda na samo a Yendi sun mutu a hanya. In ban kai wa malamarmu masu rai a Tamale jibi ba, za ta cire ni daga aikin, shekarata ta tafi a banza.

Inusah: Ni da gemuna in tsuguna a kwata ina tsintar tsutsa? Kafin azahar fataken Togo sun ji cewa shanun Inusah ruɓaɓɓu ne. Ba zan yi ba.

Taslima: To... ga yayarka, Hajiya Abida, ta zo daga Salaga. Tana son magana da kai.

Inusah: Ashe? To, ba ta.

Taslima (da muryar Hajiya): Ehem, ehem! Kai Inusah, mai kunnen ƙashi! Ni da na goya ka har bayana ya lanƙwashe, 'yar ƙanwata za ta roƙe ka tsutsa ka hana? Don Allah ka ba yarinyar nan abinta.

Inusah: Yaya! Yaushe kika isa Yendi?

Taslima (da muryar Hajiya): Jiya, ehem, a motar doya.

Inusah: Ikon Allah. To furar fa, a ƙara miki nono?

Taslima (da muryar Hajiya): Wace fura?

Inusah: Wadda ke hannunki yanzu, nan kan tabarmata. Tun ɗazu na buɗe muryar wayar.

Taslima: Innalillahi... Halo? Kawu, layi ya...

Hajiya: Layi lafiyarsa ƙalau. Taslima!

Taslima: Na'am, Inna. Sannu da zuwa... Bawku.

Hajiya: Ni ce mai tari kamar tsohuwar akuya?

Taslima: Inna, wallahi maƙogwarona ne...

Hajiya: Rufe min baki. Tarin kin same shi, har ni na waiga. Amma tun da uwarmu ta haifi Inusah, yaushe na taɓa ce masa "don Allah"? Kasa kunne ki ji yadda ake yi. Inusah!

Inusah: Na'am, Yaya.

Hajiya: Gobe da asuba kana kwata.

Inusah: Yaya, mutuncina a kasuwa...

Hajiya: Hantar da mahauta ke yankewa suna jefa wa karnuka, duk Bawku wa bai sani ba? Bijimin da ya rame maka bara har ya faɗi, fataken Togo ne suka tashe shi? Ke, a me ake zuba su?

Taslima: Ruwan gishiri mai ɗumi, Inna. Kada ya huce.

Hajiya: Filas ɗinka na shayi, Inusah.

Inusah: Wanda na sayo a Makka?

Hajiya: Shi. Tsutsa ma ta samu albarka. Ka ba direban Tamale hannu da hannu. Ke kuma, mara kunya, tunda kin iya, yi min kawunki in ji.

Taslima (da muryar Kawu): "Tsintsiya? Kai, layin nan!"

Hajiya: Wayyo cikina! Shi ne sak! Ƙara!

Inusah: Ku ba ni wayata! Na ce ku ba ni wa—