Gwaggo da Gadona na Dakar

Malam mai karanta wasiƙu, gaisuwa daga Gaya, gare ka da masu sauraro.

"Karatu ne ya cinye miki ƙugu," in ji gwaggona, ranar da na dawo daga lakwal, wato makarantar da nake koyarwa, ina dafe da baya. Ta ce in rage zaman kujera, in riƙa takawa zuwa bakin kogi, in durƙusa kafin in ɗaga tulu. Sai ta latsa katifar gadon da na zo da shi daga Dakar, ta girgiza kai.

"Wannan laushin annasara dafi ne. Koma tabarma, ƴata."

Don ta tsare ni, ta sa aka kai gadon ɗakinta.

Gaskiya bayana ya yi sauƙi. Amma jiya na leƙa, na tarar da ita miƙe a kan dafin, tana lumshe ido.

"Gwaggo, naki bayan fa?"

"Nawa ya gama lalacewa tuni. Ja mini ƙofar."

Na ja, na fito.

Jama'a, ku ba ni shawara. Tafiyar ce ta warkar da ni, ko tabarmar? In tafiyar ce, ina son gadona.